Kunyar Ɗan Fari a Garin da Ba Kaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Wannan takarda ta fito daga Rabi Mai Tuwo ta Tireshbil a birnin Abijan, zuwa ga wanda ya san kansa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da matarka Fanta da abin da take ɗauke da shi. Allah ya sa motar da za ta ɗauke ku gobe zuwa garin Man ta sauke ku lafiya, ya tsare ku daga ruɓaɓɓiyar gada da shofer mai gaggawa, ya sa ƙasar da za ku ta karɓe ku da alheri. Amin.

Ka san ba na rubutu. Malam Habu na kusa da babban masallaci ne ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na roƙe shi ya sa magana yadda ta fito, kada ya yi mata ado da Larabci. Kai ka yi allo, ka karanta da kanka, kada ka ba kowa ya karanta maka.

Ba labarin gari zan ba ka ba, garin da ka kwana a cikinsa. Shekara ce ta juya. Jiya aka yi cika-ciki, na dafa jelar ragon layya da na shanya na adana, na zuba maka a akushinka kamar kowace shekara. Ba ka zo ba, kana unguwar Ajame gidan surukanka kana ɗaure kaya. Mutane na cewa wanda bai ƙoshi a wannan dare ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. To, ni ban ci ba. Na zauna na dubi shekarar da ta fita, ita kuma ta ja ni zuwa waɗanda suka riga ta.

Ka san abin da ya kawo mu nan. Da na ji Fanta na da ciki, na aika wa uwarta cewa in Allah ya sauke ta lafiya, aka yaye abin da aka samu, a kawo mini in riƙe, yadda ake yi a wurinmu, domin ɗan fari na kaka ne. Ban ga aibu a ciki ba. Sai ga ka da tsakar rana ina cikin kwasar tuwo, ka tsaya a kaina tsaye, abin da ba ka taɓa yi ba, ka ce, “Mai Tuwo, sa sufi, ya isa. Ɗana ba zai kwana a gidan da ba a san sunan ubansa ba.” Ka juya ka tafi. Masu cin tuwo kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa, wani ma ya tashi bai wanke hannu ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanaki ina ce wa kaina Abijan ta lalata ka, Faransanci ya cinye maka ladabi. Da fushin ya sauka sai na tarar ba ƙarya ka yi ba. Ina son jikan nan, son da ban san ina da sauran irinsa ba, kuma na ga zan rasa shi in rasa ka a mota ɗaya. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar da ta rage mini ke nan. Saboda haka ka saurara, zan jera maka wautata yadda na yi ta, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

A Madawa inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yi maganarsa ma sai ta kawar da kai. Ni ma 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa jin ciwon haka ba, domin na yi wayo ne a ɗakin kakata. Ita ta goya ni, ita ke ɓoye mini ƙanzo, ta zage ni in rama a yi dariya. Ga gwaggonni ga kawunnai, kowa na jan kumatuna. Abin da uwa ta janye, mutum goma ne ke zubawa, har ya yi yawa.

Babanka ya kawo ni kurmi ina amarya, lokacin yana fataucin goro. Muka sauka a Ajame, ɗaki ɗaya a gidan haya, maƙwabta ƙabilun Jula da Baule da Mosi. A nan aka haife ka. Ba uwa, ba kaka, ba wanda zan koma wurinsa wankan gida. Wata tsohuwa 'yar garinmu, Gwaggo Tabawa, ita ta yi mini wankan jego. Wata rana ta same ni na ɗora ka a cinya ina yi maka waƙa, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa. Ta ce, “Ke Rabi, mi nika gani? Ɗan hwari kika yi ma waƙa? In kin zubda kunyakki bisa hanya, kak ki zubda tamu gaban Jula.” Na sauke ka a tabarma. Ina da ƙuruciya, ga baƙunta, abin da na fi tsoro a duniya shi ne fatake su koma gida su ce 'yar wane ta lalace a kurmi.

Gwaggo ta ce ita ce kakarka. Ta zama kuwa, na 'yan watanni. Kafin ka fara tafiya ɗanta ya zo ya mai da ita gida. Ta tafi da nata rabin al'adar, ta bar ni da nawa, ni kuma na riƙe shi da hannu biyu sai ka ce farilla. Ba wanda ya ce in duba ko akwai mai zuba abin da nake janyewa, ni ma ban duba ba.

Ga ta farko ke nan. Duk abin da za ka ɗauka na gida ka kai Man, ka duba ko ka ɗauko shi duka, in rabi ne ka bar shi a tasha. In ka ga wata tsohuwa ta shigo tana koya wa Fanta abin da ba a yi, ka gaishe ta da ladabi, ka tambaye ta ko za ta zauna ta yi abin da ake yi. In ba za ta zauna ba, a ba ta goro a raka ta ƙofa.

Bayan an yi gadar nan mai yawo a kan ruwa muka ƙaura Tireshbil, lokacin tsofaffi na ce mata Anumabo. Na kafa rumfa da tukunya a ƙofar gida ina sayar wa fatake da 'yan dako. A nan ka koyi ce mini Mai Tuwo, don abin da ka ji kowa na faɗa ke nan, ni kuma ban taɓa gyara maka ba. Wata rana kana ɗan yaro ka bi masu kwalekwale bakin ruwan lagun ka ɓata. Na neme ka har ƙafata ta fashe, amma ban iya ɗaga murya in kira ba, sai dai in tare mutum in ce, ba ka ga wani yaro mai jar taguwa ba? Da rana ta yi masu ci suka taru, na dawo gaban tukunya. Sai ga wani gardi riƙe da hannunka, fuskarka duk hawaye da majina. Ya ce, “Se pur ki? Ɗan wa ne wannan?” Rumfar cike take da 'yan garinmu, har da wanda ya san ubana. Zuciyata ta riga ta tashi ta rungume ka, jikina kuwa yana zaune da muciya a hannu. Na ce, “Na gidan nan ne.” Ya ce yaya sunansa. Na ce, “Ku tambaye shi, shina da baki.” Aka yi dariya, wani ya ce Rabi akwai kunya, 'yar gidan mutunci ce. Allah ya gani, na ji daɗin yabon nan.

Akisi, Baulen nan mai sayar da aceken rogo a ɗakin da ke kallon namu, ita ta ajiye abin da take yi ta zo ta ɗauke ka. Ta ce “min wa”, wato ɗana da yarensu, ta share maka fuska da bakin zanenta. Gardin ya ɗauka ita ce uwar, ita ya yi wa faɗan sakaci, ta tsaya ta shanye ba ta musa ba. Daga ranar ka san ɗakin da za ka nufa in ka faɗi.

A gida kowa ya san ɗan wane ne kai ko uwarka ba ta buɗe baki ba, tsagar fuskarka ta isa. A baƙon gari, yaron da ba a ce nawa ne da ƙarfi ba, na wanda ya fara faɗa ne. Ka kuma kiyayi yabon 'yan garinku a ƙasar wasu, ya fi giya bugarwa. Waɗanda suka yaba mini ranar nan sun cinye tuwonsu sun koma arewa, ba wanda ya ƙara tambayar ko kana raye.

Kada ka ce ban yi komai ba. Na yi, sai dai ta bayan gida na yi. Tsokar da Akisi ke ɗora maka a kan aceke daga tukunyata take fitowa, ni nake tsame ta tun kafin in zuba wa babanka. Taguwar sallar da ta ce ta saya maka, ni na kai ɗinki. Da ka yi ƙyanda ita ta zauna a kanka mutane na gani, ni nake dafa magani a bayan ɗaki in miƙa mata ta taga. Ina ji kana yi mata godiya, kana ce mata mersi, ina ce wa kaina ai ciki ɗaya ya shiga. Sannan aka haifi ƙanwarka Ladi, wadda ba kunya tsakanina da ita, na juye mata duk abin da na tara. Ladi zo, Ladi ci, Ladi ta Inna, tun safe har dare, kai kana gefe kana wanke allonka. Ban taɓa tambayar kaina abin da kunnenka ke ji ba.

Lokacin yaƙin Turawa, da zane ya yi wuya har mata na haɗa tsumma biyu su ɗinke su fita, ka fara samun na kanka wajen ɗaurin huhun goro. Ka sayo atamfa a hannun masu ƙetaro da ita a ɓoye. Na hango ka ka shigo da ita a hammata, na gyara zama, har na goge hannuna a zane. Ka wuce ƙofata ka shiga ta Akisi. Har yau in ta ɗaura zanen nan ba na iya amsa gaisuwarta da daɗi, matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Alherin da ka ɓoye wa na waje sadaka ne, Allah na ba da lada. Wanda ka ɓoye wa ɗanka asara ce, domin yaro ba ya karanta zuciya, hannu yake gani. In za ka ba ɗanka nama, ka ba shi da hannunka, ya ga hannun.

Yanzu na zo kan wadda ta fi nauyi. Malam ya ce ko a tsallake ta, na ce a rubuta. Shekarar da aka kama ka aikin dole, babanka na arewa da kaya. Aka zo da hantsi aka ce an tare ku a bakin gada kai da wasu samari, an tara ku a wani fili mai shinge kusa da tashar jirgi. Aka ce wanda uwarsa ko ubansa ya zo ya faɗi sunansa gaban tafinta, ya nuna yana da gida da sana'a, wani lokaci ana sakinsa. Na yar da muciya na fito ba mayafi. Ka san inda na nufa? Ba gada na nufa ba. Kasuwa na shiga neman Akisi, don ta raka ni ta zama bakina, ta faɗi sunan ni in gyaɗa kai. Ba ta nan, an ce ta tafi bakin ruwa sayen kifi. Na bi ta can. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta dube ni ta ce da 'yar Hausarta, “Rabi, kai mahaukaci ne? Gudu.” Muka gudu. Da muka ƙetare muka isa, ba kowa a filin sai mata zaune a ƙasa da sawun mota.

Matan nan duk muryarsu ta dishe da kiran 'ya'yansu ta cikin shinge. Ka ji su, na sani, domin da ka dawo ka gaya wa Ladi, ita kuma ta gaya mini. Kowa an kira shi, Kofi, Mamadu, Yawo, kai kana ta duban hanya. An saki wasu daga cikin waɗanda aka kama tare da kai. Ko da na zo da wuri za a sake ka ko ba za a sake ka ba, Allah ne masani, amma da ka ji muryata. Ka yi watanni a dajin saran katako, ka dawo da yatsun da ba sa lanƙwasuwa da tarin da har yau yake tashinka in damina ta sauka. Ranar da ka shigo gida ina tsakar gida, na ce, “An dawo?” Ka ce, “An dawo.” Na shiga ɗaki na cusa zane a baki na yi kuka har na gaji, kai kuwa ka ɗauka gari na shiga ɗebowa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowa ya san wannan magana, ni ma na san ta a ranar, sanin bai amfane ni ba. Abin da mutum ya saba yi kullum shi ƙafarsa ke yi ranar tashin hankali, ba abin da ya sani ba. Don haka kada ka ce sai babban abu ya faru sannan iyalinka za su ga abin da ke zuciyarka. Ka saba tun a ranakun da ba komai.

Bara war haka, daren cika-ciki, na ƙulla niyya ni kaɗai. Na ce shekarar nan ba za ta fita ba sai na kira ka da sunanka, ko sau ɗaya, ko a bayan ɗaki. Ga yadda ta tafi, ka yi mini hukunci da kanka.

Aka sa ranar bikinka. A wurinmu uwar ɗan fari ba ta zama gida ranar aurensa, ɓuya take yi, ƙannenta su tsaya a madadinta. Ni ba ni da ƙanne a nan, na sani sarai. Duk da haka na ɗauki mayafi na tafi tashar Basam na hau mota, na wuni a gidan wata mai sayar da kifi da ba ta san abin da ya kawo ni ba, ina kallon teku kamar wadda aka aika ta ƙirga shi. Dangin Fanta suka ƙetaro daga Ajame da kiɗansu suka tambaya ina uwar ango, aka nuna musu Akisi cikin atamfar nan. An ce wata gwaggon amarya ta ce, ashe maraya ne, Allah sarki. Da na dawo aka ba ni labari, na ce ba komai, akwai sauran shekara.

Damina ta sauka, babanka ya kwanta. Shi ma irina ne, in bai fi ni ba, ka san duk zamanku daga “kai” sai “wancan”. Ka duba rabona a duniya, na ƙare ƙuruciyata tsakanin maza biyu, miji da ɗa, ba wanda aka yarda in kira sunansa. Ranar da zai cika ya yi ta juya ido yana duban ƙofa, ya ce mini, “Yaron nan ya zo?” Kana tsaye a bakin ƙofar, ka ji. Na ga bakinsa na motsi yana neman abin da ya kasa, ni da ke zaune kusa da kansa na san ko mene ne. Abin da ya rage in juya in kira ka. Sai na ce wa Ladi, “Ce ma wanki shi shigo.” Ka shigo ka durƙusa daga nesa kamar baƙon da ya zo dubiya. Ya dube ka, ka dube shi, shi ke nan. Na shiga takaba ina cewa in na fita. Na fita, aka yi layya, ka yanka rago a madadinsa, ka miƙo mini wuƙa in wanke, na karɓa na ce an gode. Sai maganar jika, wadda ita ma ban iya faɗa maka da bakina ba, sai da na aika ta Ajame ta zagayo ta same ka. Abin da na yi da shekarata ke nan.

Bari in gaya maka abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan jikan nan. Kaka ba ta kunyar jika. In namiji ne angona ne, in tsokane shi, in ce ya kasa cefane zan sake miji, in kira sunansa a tsakiyar kasuwa ba mai cewa don me. Na shirya duk abin da na hana ka in juye masa, in ce na rama maka. Jiya da na zauna gaban akushin da ba a taɓa ba sai na ga abin da nake shirin yi. Zan raba yaro da uwarsa da ubansa don in wanke kaina, ku kuma in bar ku can kuna koyon kawar da kai, tunda kun san ba naku ba ne. Kai aka cuta, wani za a lallasa. Ba don shi nake so ba, ba don kai ba, don ni ne.

To ga niyyata ta bana, kuma Malam Habu ne shaida, domin ta bara da na ƙulla ni kaɗai ba wanda ya tuhume ni da na warware ta. Na janye maganar da na aika Ajame. Kada ka kawo mini shi. Ko uwar Fanta ta ce a duba tsohuwa, ko 'yan garinmu sun ce al'ada, ko ni da kaina na aiko nan da wata shida ina kuka na ce na fasa, kada ka saurare ni, na san halina. Ku riƙe abinku. Ka ɗora shi a kafaɗa ka ratsa kasuwar Man da shi. In masu sayen goro suka yi maka dariya suka ce ɗan Rabi ba kunya, ka ce musu uwarka ta yi kunyar da za ta ishi zuriyarta duka, ba sauran wanda ake bi. Ka kira shi da safe, ka kira shi da yamma, ka kira shi ba don aike ba. In mace ce ma haka. In ya tambayi kakarsa ka ce tana Tireshbil tana tuƙa tuwo, kada ka ƙara kada ka rage. In wata rana ya yi wayo ya ce yana son ganina, ku zo tare, ku koma tare.

Ni kuma abin da ya rage mini kaɗan ne. Wanda duk ya tambaye ni 'ya'yana nawa zan ce biyu, domin shekara da shekaru Ladi nake ambata in yi shiru. Zan shiga ɗakin Akisi in yi mata godiyar da ta daɗe tana bina. Ban ce zan so zanen ba.

An ce Man duwatsu ne da sanyi. Ka rufe ƙirjinka da asuba, kada ka tsaya yayyafa wa goro ruwa ba riga. Ka gaya wa Fanta ba ka son kuɓewa ɗanya, kana ci ne don kada a ce ka raina. Ka daina ɓoye hannun nan a aljihu in za ka gaisa da mutane, ba kai ne ya kamata ka ji kunyarsa ba. In ka yi fushi kana yin shiru ne irin na babanka, ita kuma yarinya ce, za ta ɗauka ƙi ne, ka buɗe baki ka gaya mata. Kada ka yi mamakin inda na san waɗannan. Ba na kallonka a gaban mutane, amma ba abin da na kalla a duniya kamar kai.

Ban ce ka yafe mini ba, ba ni da bakin roƙon wannan. In ka yafe, don Allah ka yi. In ba ka iya ba, ba zan kai ƙararka ko'ina ba. Kada wani ya tsorata ka da cewa fushin uwa na bin ka saboda maganar da ka faɗa mini a rumfa, ba abin da ke bin ka daga wurina sai albarka, ko ka amsa takardar nan ko ba ka amsa ba.

Malam ya ce takarda ta cika, Ladi na jira ta kai Ajame, saura a sa sunan mai ita a baya. Ya ce ba sai na faɗa ba, ya san shi, shi ya koya maka allo. Na ce ya ɗaga alƙalaminsa, ba zai rubuta ba sai ya ji daga bakina. A zaurensa muke, mutane na wucewa zuwa la'asar, har da 'yan garinmu.

Isuhu.

Na faɗa ya ce bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi har wani mai alwala ya waiwayo. Ba abin da ya faru. Rufi bai faɗo ba, harshena bai tsinke ba, mai alwala ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Ashe iyakar nauyinsa ke nan, kuma shi na kasa ɗauka tun kana cikin tsumma har ka yi gemu. Yau ma da na faɗa, Malam ne ya ji, ba kai ba.

Allah ya kai ka lafiya, Isuhu. Ya tsare gabanka da bayanka, ya sauki Fanta lafiya, ya raya abin da za a samu a hannunku. Allah ya sa maka albarka a cinikinka, ya haɗa ka da maƙwabtan kirki irin wadda ya haɗa ni da ita. Ya jiƙan babanka. Ladi na gaishe ku.

Ni ce uwarka, Rabi.